Amanar da Baba Mai Keke Ya Ci

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, an yi wani yajin aikin malaman lakwal, wato makarantar boko, da ya ja har muka daina tambayar ranar komawa aji. Ni lokacin ina koyarwa a wani ƙauye mai nisa da gida, maigidana kuma yana Yamai wajen ƙarin karatu. Da zaman kaɗaici ya ishe ni sai na goya ɗana, na ɗauki ƴar jakata, na koma gidanmu a Madarunfa. Kwanakin baya wata daga cikinku ta tambaye ni ko na taɓa yin kuka a gaban tele, wato talabijin. Na taɓa, ga kuma yadda aka yi.

Mahaifiyata ta riga ta rasu kafin wannan lokacin. A gidan daga mahaifina sai matar yayana da ƴaƴanta. Shi yayana direba ne, kullum yana kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina, sai ya yi kwanaki ba a ga ƙeyarsa ba. Mahaifina tela ne, irin telolin da ake kawo wa ɗinkin salla tun azumi bai kama ba. Amma da na dawo sai na tarar da keken ɗinkinsa a lulluɓe da tsohon zanen mahaifiyata, an ɗora masa kwanon goro. Na tambaye shi, ya ce baya ne ya matsa masa. Na yarda. Har man zafi na sayo masa a Maraɗi, ina ji da kaina wai ni ce ɗiya mai kula.

Yana da aboki guda wanda tun ina rarrafe nake ganinsa a zaurenmu. Mai gyaran kekuna ne, na hawa da na ɗinki, ta nan ma suka san juna tun suna samari. Mu yara Baba Mai Keke muke ce masa. Kirista ne, iyayensa ƴan Maraɗi ne, sana'a ce ta zaunar da shi a garinmu. Mahaifina yana kiransa Ɗan Mishan, shi kuma yana ce wa mahaifina Tela, ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunan yanka ba. A wannan dawowar na lura shaƙuwarsu ta ƙaru har ta yi yawa. Duk inda mahaifina za shi, Baba Mai Keke yana gefensa, kafaɗa na gogar kafaɗa. In an kira salla sai ya raka shi har bakin masallaci, ya zauna gindin itacen bedi yana jiransa. Mutane na yi masa ba'a wai saura ƙiris ya shiga sahu. Kuma ya koyi wani hali na gaida mutane tun daga nesa da ƙarfi. Sai ka ji ya ce, "A'a, ga liman nan tafe!" ko "Sannu mai nama, ina aka nufa da kwando?" Ni dai na ɗauka tsufa ne ya sa masa surutu.

A cikin wannan zaman ne yayana ya shigo mana da tele da ya sayo a garin Ɗan Isa, ƴar ƙarama, baƙi da fari. Da batirin mota muke kunna ta, eriyarta kuma a kan doguwar gora aka ɗaure a bayan zaure. In iska ta juya gorar sai hoton ya koma kamar an watsa gero a faranti, sai wani ya fita ya riƙa murɗawa ana ce masa "ƙara, ƙara, tsaya nan!"

Ranar Lahadi bayan la'asar tashar gwamnati tana sa wani tsohon wasan kwaikwayo na ƙasar Italiya, kashi-kashi, wanda aka juya maganarsa zuwa Faransanci. Ya tsufa sosai, hoton ma rawa yake yi. Labarin wasu ƴan sari-ka-noƙe ne a lokacin babban yaƙin Turawa, sun ɓuya a kan duwatsu cikin dusar ƙanƙara suna yaƙar sojojin Jamus da suka mamaye musu ƙasa. Duk maɓoyar da suka koma sai a biyo su. Duk hanyar da suka shirya bi sai su tarar an yi musu kwanton ɓauna. Daga nan suka gane a cikinsu akwai mai kai labari, kuma ba su san ko wane ne ba. Mutanen da ke cin abinci a kwano ɗaya suka koma kowa na kallon hannun ɗan'uwansa.

Sunayensu ba su zauna a bakinmu ba, sai Baba Mai Keke ya raɗa musu nasa. Shugabansu Mai Gemu. Akwai Mai Tabarau, wani malamin lakwal mai yawan shiru. Akwai Mai Burodi, abokin Mai Gemu tun ƙuruciya, wanda ke hawo musu da burodi daga gari a cikin buhu. Sai wata budurwa da ke kai saƙo a kan keke, wadda Baba Mai Keke bai damu da komai nata ba sai keken. Duk fitowarta sai ya ce sarƙar nan tana son mai.

Ni aka naɗa tafinta, tunda ni ce mai Faransanci. To Faransancin aji daban, na mutanen da ke raɗa a cikin kogo ana harbi daban. Rabin abin da nake fassarawa ji na yi, rabi kuwa cikawa nake da nawa. Akwai ranar da na ce musu Mai Gemu ya ce a kawo masa akuya, ashe gada yake nufi za su fasa. Har aka tashi tsofaffin nan suna jiran akuya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakin Baba Mai Keke. Ba ya iya kallo shiru. "Kai, ga Mai Gemu nan ya leƙo ta taga!" "Ga Mai Tabarau ya sunkuyar da kai, shina murza hula." "Tela, dubi yadda ta jingine keken a bango ta waiwaya." Ina ƙoƙarin jin abin da ake faɗa, shi yana ta zuba. Wata Lahadi na kasa haƙuri na ce, "Haba Baba, ai kowa yana gani."

Mahaifina ya yi gyaran murya. Baba Mai Keke ya yi ƴar dariya ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, haka bakina yake." Bai fi minti ba ya ci gaba, sai dai ya rage murya, ya ƙara matsawa kusa da kunnen abokinsa.

In an gama sai gardama ta tashi a kan wane ne maci amanar. Ni na kafe budurwar ce, don ita ke shiga gari. Baba Mai Keke ya ce Mai Burodi ne, wai mutum ba ya yawan dariya haka a cikin yunwa sai da dalili. Mahaifina kuwa Mai Tabarau ya sa wa ido.

"Muryarshi ta maƙaryata ce," in ji shi. "Ku dai saurara. In zai yi magana sai ya haɗiye miyau."

Na ce, "Baba, ai ba muryarsa ba ce. Wani Bafaranshe ne aka ɗauka ya yi maganar a bakinsa."

Ya ce, "To shi Bafaranshen ai ya san ƙarshen labarin."



Ana tsakiyar makonnin wasan ne Baba Mai Keke ya tafi Maraɗi wani taron majami'arsu na ƴan kwanaki. Ranar kasuwa mahaifina ya sa rigarsa ya fita shi kaɗai. Ba a jima ba sai ga mutane sun riƙo shi, goshinsa na jini, gwiwar wandonsa a yage. Amalanken jaki ne daga ƙauyen Safo, ɗauke da buhunan wake, ya buge shi ya faɗa kwalbati. Mai amalanken ya biyo su har gida yana rantsuwa cewa ya yi ta ihu, kuma tsohon yana kallonsa ƙuru-ƙuru amma bai kauce ba. Mahaifina ya ce a sallami bawan Allah, laifinsa ne, tunani ya tafi. Na wanke masa ciwon, na yi masa faɗan yawan tunani, na koma harkata.

Baba Mai Keke ya dawo ya ga goshin. Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙasa. Washegari da hantsi ya aiko jikarsa wai in zo rumfarsa, yana son ganina. Na same shi zaune a kan benci, keke a kife gabansa, ko taɓa shi bai yi ba.

Ya ce, "Zauna ɗiyata. Zan yi abin da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni."

Na zauna.

"Tela ba shi gani."

Na ce, "Wane irin ba ya gani? Ai jiya ma..." Sai na rasa abin da zan ce ya gani jiya.

Ya ce yanar ido ce ta rufe wa mahaifina idanu, a hankali ta riƙa zuwa, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Tun kafin ya ajiye ɗinki abin ya fara. Ranar da ya kasa zura zare a allura ya kira shi ya rufe ƙofa, ya sa shi ya dafa Littafinsa Mai Tsarki ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, ko da ƴaƴansa ne. Ya ce dalili biyu ne. Yayan mahaifina ya taɓa yin irin wannan ciwon, aka kai shi wajen wani mai magani da ke soka ido da tsinke, ya dawo babu ko hasken da ya tafi da shi. Sannan mahaifina ya ga yadda aka mai da yayan nasa bayan haka, aka ajiye shi a lungu, ana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, ana yanke shawarar gida a gabansa ba a tambayarsa. Ya ce gara ya mutu da a yi masa haka.

"Na riƙe mishi iya riƙona," in ji Baba Mai Keke. "Amma ni ma ba yaro ba ne. In na kwanta ciwo fa? In na riga shi tahiya fa? Wanga karo amalanke ne. Gobe babbar mota ce." Ya ce kuma a wajen taron ya ji labarin wasu likitocin ido sun sauka a Maraɗi, suna cire irin wannan yanar, kuma ba za su daɗe ba.

Na ce, "Baba, ya san za ka gaya mini?"

Ya girgiza kai. "Na roƙe shi jiya ya sake ni daga rantsuwar. Ya ƙi."

Na tashi na nufi gida. Na tarar da mahaifina zaune a ƙofar ɗakinsa cikin rana tsaka, carbi a hannu. Na cire takalmi na taka a hankali na tsaya a gabansa, kusa ƙwarai, ban yi sallama ba. Idanunsa a buɗe, suna kaina, amma ba ni suke kallo ba. Sai a lokacin na ga farin da ke tsakiyarsu. Watanni ina kawo masa fura, ina zama gabansa muna hira, ban taɓa duba cikin idon mahaifina ba, don an hore mu da sunkuyar da kai. Hawaye suka riƙa zuba, na toshe bakina.

Can ya ce, "Ƙamshin sabulunki ne. Mi ya tsai da ke nan kamar itace?"

Carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Ya gaya miki."

Da yamma Baba Mai Keke ya zo kamar kullum, ya cire takalmansa a bakin zaure ya yi sallama. Mahaifina bai amsa ba. Ina tsaye bayan ƙofar cikin gida ina jin su.

"Ka dafa Littafinka."

"Na dafa."

"Ka rantse."

"Na rantse, Tela."

"To?"

"Na karya."

Na yi zaton zai kawo hujja, ya ce amalanke, ya ce likitoci. Bai ƙara ko kalma ba. Mahaifina ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Duk garin nan kai kaɗai na tuɓe wa rigata. Tashi ka tahi." Na leƙa na ga Baba Mai Keke ya fita, takalmansa a hannu, ya manta bai sa ba sai da ya yi nisa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana nauyi. Mahaifina ya shige ɗaki, ko masallaci ya daina zuwa, wai ciwon gwiwa. Yayana ya dawo ya durƙusa ya roƙe shi a tafi Maraɗi, shi kuwa mahaifina ya ce duk wanda ya sake yi masa maganar likita bai yafe ba. Ni kuma abin da ya tsorata da shi shi na fara yi ba tare da na sani ba. Sai in tsinci kaina ina ɗaga murya in zan yi masa magana, ko ina ce wa yara su kauce wa Baba hanya. Wata rana ya ce mini, "Ido ne ya tahi, kunne shina nan." Na ji kamar in nutse.

Baba Mai Keke bai sake takowa ba, amma kusan kullum sai jikarsa ta zo wai a ba ta aron wani abu, ludayi ko rariya, ta tsaya tana waige-waige, ta tambayi jikin Baba Tela. Na san wanda ya aiko ta.

Lahadi ta zo, yara suka kunna tele, mahaifina bai fito ba. Amma ɗakinsa yana jikin zaure, na lura ya jawo tabarmarsa bakin ƙofa. Sai na riƙa fassara da ƙarfi wai don yara. Haka muka yi ta yi har aka sanar cewa Lahadi mai zuwa za a sa kashi na ƙarshe.

Ranar, ana fara kiɗan buɗewa sai ga shi ya fito yana lalube bango. Wannan ne karo na farko da ya yi lalube a gabanmu. Ya sami wurinsa ya zauna, gefensa na dama babu kowa. Ya ce, "Ki gaya mini abin da suke cewa, ki gaya mini abin da suke yi. Kar ki rage komi."

Sai a ranar na san wahalar aikin da nake yi wa Baba Mai Keke tsawa a kai. In na tsaya fassara sai hoton ya wuce, in na tsaya bayanin hoto sai maganar ta wuce. Na dai yi iya yina.

Mai Burodi ne. Sojojin Jamus sun kama matarsa da ɗansa tun farkon sanyi, suka ce ko ya riƙa kawo labari ko ya karɓi gawarsu. Budurwar ce ta gan shi yana fitowa daga ofishinsu ta ƙofar baya.

Da na faɗa, mahaifina ya ce, "Ɗan Mishan ya..." Bai ƙarasa ba.

Suka zaunar da shi a cikin wani ɗakin tumaki suka yi masa shari'a. Bai musa ba. Aka yanke masa hukuncin kisa, don mutanensu da yawa sun mutu ta dalilinsa. Wani saurayi ya miƙe da bindiga, Mai Gemu ya karɓe, ya ce ba wanda zai taɓa shi sai shi. Suka fita su biyu cikin ƙanƙara, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar masu zuwa gona. Ba a nuna harbin ba. Ƙara kawai aka ji, tsuntsaye suka tashi.

"Yanzu fa?" in ji mahaifina.

"Ya dawo shi kaɗai, Baba. Ya zauna a kan dutse."

"Shina kuka?"

"A'a. Ya jawo buhun nan. Ya ciro burodi."

"Sai mi?"

"Ya raba shi biyu." "Ya miƙa rabin gefensa. Bai waiwaya ba, miƙawa kawai ya yi, kamar yadda ya saba."

"Wa ya karɓa?"

"Babu kowa a wurin, Baba."

"Ya ci nashi?"

"Bai ci ba. Hannunsa yana nan a miƙe. Sun fara rubutun ƙarshe."

Yara suka watse suna gardamar bindigogi. Ni ina ta sharar fuska da bakin zane. Mahaifina ya daɗe zaune, tafin hannunsa a kan tabarma. Rana ta yi sanyi amma da sauran haske, magariba ba ta yi ba.

Ya ce, "Ɗauko mini takalmina."

Na kawo. Ya miƙe ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya ce in wuce gaba. Na ce ko mu bi ta bayan gari, ta wajen lambuna, inda babu mutane. Ya ce ta bakin kasuwa za mu bi.

Tafiyar nan ba ni mantawa da ita. Lokacin ne kowa ke zaune ƙofar gida. Majalisar farko da muka iso suka bi mu da kallo, sannan wani ya ce, "Sannu Malam Tela." Mahaifina ya tsaya ya ce da ƙarfi, "Yawwa sannunku. Ba ni gani, sai mai gaisuwa ya riƙa gaya mini ko wane ne." Haka ya yi ta maimaitawa, majalisa bayan majalisa. Wani tsoho ya ce, "Allah ya ba da lafiya," wani ya ce, "Ai mun ga alama," wani ma ya taso ya bi mu ƴan taku yana ba shi labarin surukinsa da aka yi wa aikin ido ya warke. Ba wanda ya yi abin da ya shekara yana tsoro.

Mun sami Baba Mai Keke a tsakar gidansa yana wanke hannu da toka. Da ya gan mu sai ya miƙe, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Matarsa ta shimfiɗa tabarma da sauri ta ja ni gefe, amma ban yi nisa ba. Su ba su da tele, bai ga ƙarshen ba.

Mahaifina ya zauna, ya gyara riga, ya ce, "Mai Burodi ne."

Baba Mai Keke ya ce, "Na gaya maka."

"Ka gaya mini."

"Mi ya kai shi?"

"Matarshi da ɗanshi aka kama."

"Allah sarki. Mi suka yi mishi?"

"Abokinshi ya harbe shi."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar bakin tabarma, ba wanda ya kore ta. Can Baba Mai Keke ya ce a hankali, "To ai ya ci amana."

"Ya ci," in ji mahaifina. "Amma shi Mai Gemu yanzu sai ya ci burodinshi shi ɗaya." Ya laluba ya kamo gwiwar abokinsa, ya bar hannunsa a nan. "Likitocin nan naka, sun tashi?"

"Suna nan har ƙarshen wata."

"In za a soka mini ido, kana tsaye a wurin. In na makance gaba ɗaya kai za ka ja ni har ka mutu."

"Dama wa ke janka?" in ji Baba Mai Keke, yana share ido da bayan hannu mai toka, har ya bar zane a fuskarsa.

A motar yayana muka tafi Maraɗi, tsofaffin biyu a gaba suna ta gardamar ko an ɗaura mata sabuwar taya ko tsohuwa ce. Idon hagu an ce ya riga ya lalace, ba a taɓa shi ba. Na dama aka yi wa aiki. Ranar da za a cire bandejin muna tsaye mu uku a bakin gado. Ma'aikaciyar ta ɗaga audugar, mahaifina ya yi ta ƙifta ido, hawaye na gangarowa. Ni ina jira ya fara ganina, har na gyara ɗaurin kallabi. Ya wuce ni ya tsaya a kan abokinsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Subhanallahi. Ɗan Mishan, ashe haka ka tsufa?"

Duk ɗakin aka fashe da dariya, har marasa lafiyar da ke sauran gadaje.

Bai koma ɗinkin kasuwa ba, idon bai kai nan ba, amma ya rayu shekaru masu dama yana zuwa inda yake so da ƙafarsa, ya ga jikokin da aka haifa bayan haka. Dukansu biyu sun rasu yanzu, tsakaninsu ba nisa. Wasan kuwa ban sake ganinsa ba, ko sunansa ban riƙe ba, kuma ina zaton in na gan shi yau zan tarar rabin abin da na fassara ba haka aka ce ba.

Na girma ina jin cewa amana abu ne guda, ko ka riƙe ko ka ci. Yanzu da ni ma na manyanta, mutane suna zuwa suna ajiye mini maganarsu, na san akwai ranar da riƙewar ke fin sakin sauƙi, don mai riƙewa ba ya rasa kowa. Baba Mai Keke ya san zai iya rasa abokin da ya fi kowa a wurinsa, ya san kuma ba shi da hujjar da za ta wanke shi daga rantsuwar da ya yi a kan abin da ya yi imani da shi. Ya zauna a kan bencinsa ya auna, ya zaɓi a tsane shi. Har yau ina tuna shi tafe a kan hanya babu takalmi.

Shekaru bayan aikin, wata rana ina yanke wa mahaifina farce, na ce, "Baba, ashe dai gara da Baba Mai Keke ya gaya mini." Ina jiran ya ce haka ne.

Ya janye hannunsa ya ce, "Ke dai kar ki gyara mishi. Amana na ba shi, ya ci. Wannan yana nan a rubuce."

Na ce, "To ba ka yafe masa ba ke nan?"

"Na yahe tun ranar." Ya miƙo mini ɗaya hannun. "Kuma in na sami wata amanar gobe, shi zan ba. Wa gare ni da zai ci ta saboda ni?"